Yadda Ake Yi Wa Sifikar Mota Faci Idan Ta Huje

Sau da yawa sifikun mota a hannun mai ɗaura su suke hujewa. Ana cikin ɗaure sukuru, mayen ƙarfen da ke jikin sifikar ya fizgi bakin sukudireba, hannu ya zame, shi ke nan an ɓula takardar, wato faifan nan mai kama da mazurari da ke fuskar sifikar. Wasu kuma ta cikin but abin yake zuwar musu. Dogayen sifikun nan masu faɗin inci 6 da tsawon inci 9 da ake ɗaurawa a allon bayan kujera, gindinsu a buɗe yake ta cikin but, don haka guntun rodi, ko kan lema, ko ƙafar wani kaya da aka cusa da ƙarfi, duk suna iya tsire su. Yara ma ba a bar su a baya ba, domin da wuya yaro ya ga ƙoƙon nan na tsakiyar sifika bai danna shi da yatsa ba.

Ƙaramar huda ba ta kashe sifika. Idan ramin bai wuce girman ƙwayar wake ba, ko kuma yagewa ce da ba ta wuce santimita 2 zuwa 3 ba, kuma ba ta gangara har gindin takardar ba, za ka iya gyara ta da kanka da kayan da ba su taka kara sun karya ba. Abin da ke lalata irin wannan gyara guda biyu ne, gam ɗin da bai dace ba da kuma gaggawa.

Sai ka fara sanin abin da takardar nan take yi, domin a kansa aka gina duk matakan da ke tafe. Ita ce take tura iska gaba da baya har sauti ya fito. A sauti mai kauri irin na ganga tana kai da komo kamar sau 50 zuwa 100 a cikin daƙiƙa guda, a muryar mutum da kayan busa kuwa ɗaruruwa ne har zuwa dubbai. Duk abin da za ka liƙa mata dole ya kasance marar nauyi, kuma mai lanƙwasuwa. Iskar da ke zurarewa ta ƙaramin rami ba ta rage sauti sosai, kunne ma ba lallai ya ji bambanci ba. Matsalar tana ga gefen ramin: zaren takardar da ya tsattsage yana kaɗawa yana zizar da ke ɓata waƙa, kuma kullum aka ƙure murya yagewar tana ƙara tsawo. Shi ya sa tun daga ranar da ka lura da hudar ya kamata ka mayar da sautin rediyo ɗaya ɓangaren, ko ka rage murya, har sai ka yi gyaran.

Ciro sifikar

Kada ka yi faci sifikar tana ɗaure a mota. Facin kirki ta baya ake yin sa, kuma kana bukatar haske da wurin da za ta kwanta ta bushe.

Kashe mota ka zare makulli. Idan akwai amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ko kuma ƙofar tana da wayoyin jakar iska ta kariya, cire kan batir na nagatif, yawanci da sifana mai lamba 10. Amma ka tabbata kana da lambar sirrin rediyonka kafin ka cire, domin wasu motocin, musamman tsofaffin Honda, rediyonsu yana kullewa idan wuta ta yanke.

Sifikar ƙofa, wadda yawanci inci 6.5 ce, tana bayan murfin ƙofa na ciki. Nemi sukurorin da suke ɓoye a bayan abin buɗe ƙofa da cikin ramin mariƙi, ka kwance su, sannan ka ɓamɓaro murfin daga ƙasa a hankali. Ƙananan maƙalai na roba ne suke riƙe da shi, kuma zafin ranarmu yana busar da su, da an fizga sai su karye. Idan da sukudireba mai faɗin baki za ka ɓamɓara, naɗe bakinsa da tsumma. Ka ɗaga murfin sama ya fita daga bakin gilashi, ka zare soket ɗin maɓallan gilashi. Ledar da za ka tarar an manna a jikin ƙarfen ƙofa, ita ce take tare ruwa, kada ka yage ta ka yar. A wasu motocin, kamar wasu Toyota da Volkswagen, da ribit aka kafe sifikar. Sai an huda kan ribit ɗin da injin huda, a mayar da sukuru daga baya.

Kafin ka zare wayoyi biyun da ke jikin sifikar, ɗauki hotonsu da wayarka, ko ka ɗaura wa ta fozitif ɗan salatif. Wannan ƙaramin abu zai hutar da kai daga baya.

Wurin da za ka ajiye ta ma abin lura ne. Mayen ƙarfen yana tsince duk wani garin ƙarfe da ke kusa, kuma idan garin ya shiga siririn ramin da koyil, wato naɗin siririyar wayar da ke gindin takardar, yake motsi a ciki, fitar da shi aiki ne ja. Teburin makaniki ko na mai walda bai dace ba. Shimfiɗa tsohuwar jarida ko tsumma mai tsabta a kan tebur a gida.

Gwada ta tukuna

Babu amfanin yi wa takarda faci idan koyil ya riga ya ƙone ko ya karkace. Kwantar da sifikar fuskarta sama, ka baza yatsunka kewaye da ƙoƙon tsakiya, ka danna takardar ƙasa a hankali, nauyin hannu daidai ta ko'ina. Kamata ya yi ta sauka ta dawo shiru. Idan ka ji ƙarar gurzawa, wato koyil yana gogar mayen ƙarfe, kuma faci ba zai magance wannan ba.

Sai ka ɗauki batir ɗin tocila mai bolt 1.5, ka haɗa masa gajerun wayoyi biyu, ka taɓa ƙafafun sifikar na ɗan ƙiftawar ido. Za ka ji "ɓup", ka ga takardar ta motsa. Idan ta turo waje, ƙafar da ke haɗe da kan batir mai alamar + ita ce fozitif. Kada ka yi wannan gwajin da batir ɗin mota, kada kuma ka yi shi a kan ƙaramar sifikar nan ta sauti mai kaifi da ake sawa kusa da madubi, wayarta siririya ce ƙwarai. Mai mita zai iya aunawa: sifikar da aka rubuta wa om 4, wadda ita ce aka fi sawa a mota, takan nuna tsakanin 3 da 4. Idan mita bai nuna komai ba, waya ta tsinke a ciki.

Daga nan haska tocila ta bayan takardar a wuri mai ɗan duhu. Haske zai nuna maka iyakar yagewar, wadda sau da yawa ta fi abin da ido ya gani tsawo, kuma zai tona wata hudar idan akwai. Duba siraran wayoyi biyun nan masu saƙa da suka taso daga ƙafafun sifika suka shiga jikin takarda, ka tabbata abin da ya huda bai taɓa su ba.

Wane gam?

A nan mutane suka fi yin ɓarna. Hannun kowa Super Glue yake fara kaiwa, saboda yana ko'ina kuma yana kamawa nan take. Ni ban yarda da shi a jikin takardar sifika ba, balle a jikin soson gefe, wato zoben nan mai taushi da ya kewaye bakin takardar. Idan ya bushe ƙanƙarewa yake yi, wurin ya daina lanƙwasuwa, takardar da ke kewaye kuma tana ta motsi. Bayan 'yan makonni sai sabuwar tsaga ta fito daidai inda gam ɗin ya tsaya. Gam ɗin kyandir da ake narkawa da bindiga yana da nauyi, kuma motar da ta yini a rana cikin watan Afrilu ta isa ta sassauta shi. Salatif da baƙin tef na masu wayarin su ma zafi yana narkar da danƙonsu, su saki gefe ɗaya su koma suna kaɗawa.

Zaɓin gam ya danganta da abin da aka yi sifikar da shi, don haka shafa ka ji. Idan takarda ce ta gaske, mai ɗan kaushi, farin gam na kafintoci irin su Top Bond shi ne daidai. Da ruwa ake haɗa shi, yana ratsa zaren takarda, kuma ko ya bushe yana ɗan lanƙwasuwa. Idan kuma roba ce mai santsi da sheƙi, farin gam ba zai kama ba. Nemi gam ɗin da masu gyaran waya suke manna gilashin waya da shi, B-7000 ko baƙinsa T-7000. Duk inda ake sayar da kayan gyaran waya ana samunsa, kuma bakinsa siriri ne, yana ba ka damar ɗiga kaɗan. Evo-Stik na masu takalmi ma yana aiki a jikin roba idan an shafa shi sama-sama.

Abin facin kuma, takardar da ake ƙunshe ganyen shayi a ciki ta fi duk abin da na sani a cikin gida. Siririya ce, ba ta da nauyi, kuma an yi ta ne don ta jure ruwa ba ta ruɓe ba, saboda haka jiƙa ta da gam ba ya yaga ta. Farke sabon ƙunshi, ka zubar da ganyen a kofi, ka kakkaɓe takardar. Idan babu, tishu mai ƙarfi zai yi, a raba shi a ɗauki falle ɗaya. Ga sifikar roba, ƙyallen tsohuwar lema ko siririn shafin riga ya fi. Sauran kayan su ne tsinken sakace, audugar goge kunne, ɗan ƙaramin buroshi mai laushi, almakashi, da sifirit.

Facin kansa, idan takarda ce

Da farko share ƙura da busasshen buroshi, gaba da baya. Kada ka sa wa takarda ruwa ko sifirit.

Na biyu, mayar da tsokar takardar mazauninta. Sukudireba ba ya cire komai daga jiki, tura zaren yake yi ciki. Sa yatsa ɗaya ta gaba ya tokare, ka yi amfani da tsinke ta baya kana turo leɓen ramin har ya koma ya haɗu. Sau da yawa za ka ga ramin ya kusa rufewa da kansa. Kada ka yanke komai sai abin da ya yi reto har ba zai kwanta ba.

Na uku, zuba ɗan gam a murfin kwalba, ka sirka shi da ruwa, kashi uku na gam kashi ɗaya na ruwa, ya yi kaurin kunu mai ɗan ruwa. Ɗebo da bakin tsinke ka bi leɓen yagewar kawai, ka haɗa su. Idan hudar ba ta fi ta bakin allura ko ƙaramar ƙusa ba, aikinka ya ƙare a nan: ɗigo ɗaya ta baya, ɗigo ɗaya ta gaba, sai shanya.

Idan ta fi haka, sai faci. Yagi takardar shayin da hannu maimakon ka yanka da almakashi, domin gefen da aka yaga yana da gashi-gashi da ke narkewa cikin gam ya bi jikin sifikar, wanda aka yanka kuwa yana barin kaifin da zai iya ɗagowa. Facin ya zarce ramin da kamar rabin santimita ta kowane gefe, kuma ya zama kewayayye, ba mai kusurwa ba. Kifa sifikar, ka shafa gam kaɗan kewaye da ramin ta tagogin ƙarfen baya, ka ɗora facin da tsinke, ka bi shi da jiƙaƙƙen buroshi daga tsakiya zuwa gefe har ya jiƙe ya kwanta, babu kumfar iska a ƙarƙashinsa. Yatsanka na nan ta gaba yana tokare wurin, kada ka lotsa takardar.

Ka lura da inda gam yake gangarawa. Kada ya kai ga zoben yadin nan mai ninki-ninki da ke gindin takardar, kada ya taɓa wayoyin nan biyu masu saƙa, domin idan suka sandare karyewa za su yi. Abin da ya yi yawa ka tsane shi da auduga tun bai bushe ba.

Ba shi kamar awa ɗaya ya sha iska. Idan doguwar yagewa ce, juyo ta gaba ka ƙara wani facin da bai kai na baya girma ba, don gefunansu kada su faɗa layi ɗaya. Falle biyu sun isa. Na uku nauyi ne kawai, kuma takardar da gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi tana iya rinjayar koyil ya fara gogawa idan an ƙure murya.

Sai haƙuri. A bar ta a inuwa, fuskarta sama, ta kwana ta yini, wato awa 24. Da hunturu za ka ga saman ya bushe cikin rabin awa, kada wannan ya ruɗe ka, cikin bai bushe ba. Ka kifa mata kwando ko kwali saboda ƙura. Da damina kuma ƙara mata wani yinin. Kada a shanya ta a rana, kada a kusantar da ita ga wuta, domin takarda mai laima idan ta bushe da gaggawa tanƙwarewa take yi.

Akwai wani abu game da sifikar ƙofa. Ruwan sama da na wankin mota yana bin gilashi ya gangara cikin ƙofa, farin gam kuwa ba ya son laima. Bayan facin ya bushe sarai, shafa masa B-7000 siriri ta baya, ko man farce marar launi shafa ɗaya, iya kan facin kawai. Man farce kada ya kusanci soson gefe. Wanda ganin facin ya dame shi ya bi ta gaba da baƙin alƙalamin maka.

Idan roba ce

Goge bayan wurin da auduga mai sifirit, ka ɗan kankare shi da samfefa mafi laushi, kawai don sheƙin ya dushe gam ya sami abin kamawa. Sake gogewa. Shafa gam siriri a jikin sifikar da kuma jikin ƙyallen, ka jira minti biyar ko fiye har ya daina bin yatsa, sannan ka haɗa ka matse tsakanin yatsu biyu na minti guda. Irin wannan robar ba ta son gam, saboda haka bayan awa 24 ka gwada gefen facin da farce. Idan ya ɗago, ɓare shi ka sake kankarewa.

Idan hudar a zoben gefe take

Zoben nan mai taushi da ya haɗa takarda da ƙarfe shi ya fi ko'ina wahala, domin shi yake naɗewa yana warwarewa a duk motsi. Fara da murza shi a hankali tsakanin yatsu nesa da hudar. Idan soso ne kuma ka ga yana marmashewa ko yana danƙo, ya riga ya ruɓe, kuma duk facin da ka yi gefensa zai yage. Wannan sai a kai wa mai gyaran sifika ya canza zoben gaba ɗaya.

Idan soson yana da ƙwari, farin gam ba tare da sirki ba, ɗan kaɗan a leɓen yagewar, da siririn ƙyalle ta baya wanda ya bi lanƙwasar zoben. Kada ka miƙar da shi ya tsallake kwarin, domin zai daƙile motsi. Gam mai ƙarfin wari irin na takalmi yana iya sa siririn soso ya kumbura ko ya nannaɗe. Idan zoben baƙar roba ce, T-7000 ko baƙin gam ɗin gasket na makanikai, a shafa da tsinke ta baya siriri ƙwarai. Sai dai ka sani, inda gam ɗin gasket ya taɓa, wani gam ba zai ƙara kamawa ba, don haka kada ka bari ya bazu zuwa inda zoben ya haɗu da takarda. Babbar sifikar but mai inci 10 ko 12 da ke cikin rufaffen akwati ita ce ta fi bukatar a toshe hudar sarai, domin iskar cikin akwatin tana matsuwa, ko ƙaramin rami sai ya riƙa fito.

Ƙoƙon tsakiya kuwa aikinsa tare ƙura ne daga shiga wurin koyil. Idan lotsewa kawai ya yi, manna masa salatif ka ja a hankali ya taso. Idan ya huje, rufe shi da ɗan facin takardar shayi ta sama, amma ka jingine sifikar a tsaye lokacin da kake sa gam, don kada ɗigo ya faɗa ciki ya liƙe koyil.

Mayarwa da gwaji

Kafin ka mayar, sake danna takardar da yatsu ka saurara, ka sake gwajin batir. Haɗa wayoyin yadda hoton ya nuna. Yanzu ka zo daidai inda aka yi ɓarnar farko, don haka yanki kwali daidai faɗin takardar ka rufe ta da shi. Fara ɗaura kowane sukuru da yatsu, sannan ka kama wuyan sukudireba da hannun hagu kusa da baki kana juyawa da dama. Ɗaure su a gicciye, na sama sannan na ƙasa, na hagu sannan na dama, kaɗan-kaɗan. Idan ka ƙure ɗaya kafin sauran, ƙarfen sifikar yana iya murɗewa koyil ya fara gogawa.

Kada ka mayar da murfin ƙofa tukuna. Mayar da kan batir, kunna rediyo, ka tura sautin gaba ɗaya zuwa sifikar da ka gyara. Fara da shirin magana, labarai ko karatu, da murya ƙasa-ƙasa, domin ziza ta fi fitowa fili a muryar mutum. Sannan ka sa kiɗa mai ganga kana ƙara murya sannu a hankali. Idan ka ji ziza, dafa ƙarfen ƙofa, da wayoyi, da sandar makulli ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa wata waya ce take bugun ƙarfe, ba facin ba. Idan daga facin ne, za ka ga gefensa ya ɗago, ɗigon gam a bakin tsinke ya wadatar, a sake ba shi kwana guda.

Gwaji na ƙarshe shi ne na wayoyi. Mayar da sauti tsakiya ka saurari kaurin gangar, sannan ka karkatar da shi gefe ɗaya. Idan ka ji gangar ta fi kauri lokacin da sifika ɗaya take aiki ita kaɗai, an juya wayoyin: ɗaya tana turawa ɗaya tana ja, suna cinye sautin juna. Sauya wayoyin wadda ka gyara, ka sake saurara. Idan komai ya daidaita, manna ledar ƙofa inda take, haɗa soket ɗin gilashi, ka rataya murfin daga sama, ka bi maƙalan da tafin hannu har kowanne ya shiga. Sifikar allon baya kuma ka mayar mata da ragarta ta sama, ta cikin but ɗin ma ka kafa mata ɗan katako ko raga da zai tare kaya. A kwana biyun farko kada ka ƙure murya.